Murabba'ai nawa ke isar kowace lamba?

Malam_Na_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum, malamai da ɗaliban wannan zaure. Akwai wata magana da nake so a taya ni dubawa. Na ba ɗalibaina na aji huɗu na sakandare aiki, cewa su ɗauki lambobi daga 1 zuwa 30, su rubuta kowace a matsayin jimlar murabba'ai, wato 1, 4, 9, 16, 25 da makamantansu, da sharaɗin a yi amfani da mafi ƙarancin adadi. Hanyar da na koya musu ita ce, a fara cire murabba'i mafi girma da zai shiga cikin lambar, sannan a maimaita haka a kan abin da ya rage har a kai sifili. Da wannan hanya 3 ta ci guda uku, 7 ta ci huɗu (4+1+1+1), 23 ta ci biyar (16+4+1+1+1), kuma da na ci gaba ni kaɗai sai na tarar 167 ce ta farko da ta ci shida. Saboda haka ra'ayina shi ne abin ba shi da iyaka, duk yadda aka yi nisa za a sami lambar da za ta bukaci murabba'ai fiye da na baya. Shin akwai ƙa'idar da ke fitar da wannan jeri na 1, 2, 3, 7, 23, 167, kuma wace lamba ce ke biye?

Dalibar_Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ina ganin abu biyu ne suka haɗu a nan. Cire mafi girma tukuna ba kullum yake ba da mafi ƙarancin adadi ba. Idan aka tsallake 16 aka fara da 9, 23 za ta zama 9+9+4+1, guda huɗu ke nan. Ita ma 167 ana rubuta ta 121+36+9+1. Tun daga 12 hanyar take fara kaucewa, domin tana ba da 9+1+1+1 alhali 4+4+4 ya wadatar, kuma abin ya fi fitowa fili a kan 32, inda take ba da 25+4+1+1+1 alhali 16+16 ne kawai.

Injiniya_Sabon_Gari:
Maganar ɗalibar Samaru gaskiya ce. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta hanyar haɗama muke kiran wannan dabara, kuma dalilin da ya sa hankali ke saurin yarda da ita shi ne tana aiki a wurin ba da canji. Mai shago da zai ba da ₦850 zai miƙa ₦500, sai ₦200, sai ₦100, sai ₦50, kuma babu wata hanya da za ta fi wannan ƙarancin takardu, saboda yadda aka tsara darajar kuɗin. Murabba'ai ba a kan wannan tsari suke ba.

Duk da haka, Malam, jerin da ka gano jeri ne na gaskiya, kuma tambayarka tana da amsa. Idan aka cire murabba'in m daga lamba bisa hanyar haɗama, abin da zai rage ba ya wuce 2m, domin da ya wuce, da murabba'in m+1 ne ya kamata a cire. To, don saura ya zama 167, dole m ya kai 84 aƙalla. Murabba'in 84 shi ne 7056, a haɗa da 167, an sami 7223, ita ce ta farko da ke cin bakwai. Ƙa'idar ke nan, daga 3 zuwa sama: a ƙara 1 a kan lambar da ke hannu, a raba biyu, a ninka sakamakon da kansa, a mayar da lambar a kai. Bayan 7223 sai 13053767, mai cin takwas. Jerin ba ya ƙarewa, sai dai labarin hanyar haɗama yake bayarwa, ba labarin abin da lambobin ke bukata ba.

Tsohon_Hedimasta_Kwarbai:
Bari in sa baki, ko da yake na daɗe da ajiye alli. Amsar ainihin tambayar tsohuwa ce, kuma tana cikin mafi kyawun abin da ke cikin ilimin lambobi: huɗu ne iyaka. Babu wata lamba, komai girmanta, da za ta bukaci murabba'ai fiye da huɗu. Wani Bafaranshe mai suna Bachet ne ya faɗi haka a fili a 1621, lokacin da ya buga littafin Diophantus na Iskandariya tare da sharhinsa, amma bai kawo hujja ba. Cikin masana lissafin da suka biyo baya, Fermat ya ce yana da hujja, bai bar ta a rubuce ba. Euler ya yi shekaru masu yawa yana fama da mas'alar, kuma a 1748 ya gano wani mabuɗi mai muhimmanci, wato idan lambobi biyu kowace jimlar murabba'ai huɗu ce, to ninkinsu ma jimlar murabba'ai huɗu ne. Wannan ya rage aikin ƙwarai, domin ya zama abin da ya rage kawai a tabbatar da maganar a kan lambobin firam, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, tun da kowace lamba ninkin irinsu ce. Lagrange ne ya kammala hujjar a 1770, lokacin yana aiki a Balin.

Don kada maganar ta tsaya a tarihi, ga 7223 ɗin da Injiniya ya kawo: murabba'an 81, 25, 6 da 1, wato 6561+625+36+1. Duk mai shakka ya tara ya gani.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Na gode, Baba Hedimasta, na tara kuma ta fita daidai. Ke nan jeri biyu ne a gabanmu, na haɗama wanda ba ya tsayawa, da na mafi ƙaranci wanda ba ya wuce huɗu. Na sake jera na biyun daga 1 zuwa 16, ga abin da na samu: 1, 2, 3, 1, 2, 3, 4, 2, 1, 2, 3, 3, 2, 3, 4, 1. To, wace alama ce ke nuna lamba za ta ci huɗu cur, ba tare da an zauna ana gwaji ba?

Baban_Khalifa:
Wannan mai sauƙi ne. Masu cin huɗu su ne 7, 15, 23, 31, 39, 47, kullum ana ƙara 8. Duk lambar da aka raba da 8 ta bar saura 7, ita ce.

Malama_Gyallesu:
Baban Khalifa, ka kama mafi yawansu, amma akwai waɗanda suka kuɓuce maka. Gwada 28. Idan ka fara da 25, saura 3, wanda ba ya fita da murabba'ai biyu. Idan ka fara da 16, saura 12, shi ma haka. Idan 9 ne mafi girma, uku daga cikinsa 27 ne, bai kai ba. Dole sai huɗu, alhali 28 a raba da 8 saura 4 ne. Haka 60 da 92 da 112 suke. Cikakken jerin yana farawa ne kamar haka: 7, 15, 23, 28, 31, 39, 47, 55, 60, 63, 71, 79, 87, 92, 95.

Dalibar_Samaru:
Abin da Malama ta nuna shi ne ƙa'idar Legendre ta wajejen 1798, wadda Gauss ma ya kawo hujjarta a 1801. Lamba tana gagarar murabba'ai uku idan, kuma sai idan, ta kasance mai barin saura 7 a rabon 8, ko kuma irin wannan lambar ce aka ninka da 4, ko 16, ko 64, haka har gaba. Shi ya sa 28 ta shiga, domin 4 sau 7 ce, 60 kuma 4 sau 15, 92 kuma 4 sau 23, 112 kuma 16 sau 7.

Rabin hujjar ɗan sakandare zai iya bi. Duk murabba'in da aka raba da 8, saura 0 ne ko 1 ko 4, babu na huɗunsu: murabba'in lambar mara kullum 1 yake bari (9, 25, 49, 81), na lambar cika kuma 0 ko 4. A ɗauki uku daga cikin 0, 1 da 4 ta kowace fuska a tara, za a iya samun saura 0, 1, 2, 3, 4, 5 ko 6, amma ba a taɓa samun 7. Game da ninki da 4 kuwa, idan jimlar murabba'ai uku ta rabu da 4 daidai, dole dukkan ukun su zama na lambobin cika, sai a raba kowanne da 4 a koma ƙaramar lamba. Da 28 ta yiwu da uku, da 7 ma ta yiwu. Ɗaya rabin, wato cewa duk sauran lambobi suna yiwuwa da uku, shi ne mai wuyar gaske, kuma ya fi hujjar Lagrange wahala nesa ba kusa ba.

Injiniya_Sabon_Gari:
Wani abin sha'awa da na lura da shi bayan bayanin nan: lambobin Malam na farko, 7, 23, 167, 7223 da 13053767, dukkansu suna barin saura 7 a rabon 8. Ba dace ba ne. Idan lamba tana barin 7, to rabin abin da ya fi ta da 1 yana rabuwa da 4, murabba'insa kuma yana rabuwa da 16, don haka sabuwar lambar za ta gaji sauran tsohuwar. Ma'ana, duk lambobin wannan jeri daga 7 zuwa sama suna cikin masu cin huɗu, ko da an bi hanya mafi kyau.

Alaramma_Kofar_Doka:
Ni ba masanin lissafin boko ba ne, amma ina bin maganar da sha'awa. Ina so in tambaya ko wannan yana da alaƙa da hatimi da malamanmu ke zanawa, domin na san Shehu Muhammadu al-Katsinawi ya yi rubutu a kan hakan, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741.

Tsohon_Hedimasta_Kwarbai:
Allah ya gafarta Malam, ka ambaci babban mutum. Rubutunsa na 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara ne, kamar uku sau uku ko biyar sau biyar, inda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da jimla ɗaya, kamar 15 a hatimi mai gidaje tara. Fanni ne dabam da wanda muke ciki, domin can tsara lambobi ake yi a cikin gidaje, nan kuwa karya lamba ake yi zuwa murabba'ai. Amma ya dace ɗalibanmu su sani cewa a shekarun da Euler ke fama da wannan mas'ala, akwai ɗan ƙasar Hausa da ke rubuta littafin lissafi da Larabci.

Malama_Gyallesu:
Mu dawo kan jerin Malam, domin an bayyana masu cin huɗu, an bar masu cin biyu, kuma a ganina nan ne daɗin yake. Lambobin firam na mara kashi biyu ne. Waɗanda ke barin saura 1 a rabon 4, kamar 5, 13, 17, 29, 37, 41, kowace tana fita da murabba'ai biyu: 5 ita ce 4+1, 13 ita ce 9+4, 29 ita ce 25+4, 41 ita ce 25+16. Waɗanda ke barin saura 3, kamar 3, 7, 11, 19, 23, ba sa taɓa fita. Fermat ya rubuta wannan a wasiƙarsa zuwa ga Mersenne ranar 25 ga Disamba 1640, ko da yake Albert Girard ya riga shi faɗa, kuma Euler ne ya kawo hujjar wajen shekara ɗari bayan haka.

Ga sauran lambobi kuwa, sai a warware lambar zuwa firam ɗinta, a duba masu barin saura 3. Idan kowanne daga cikinsu ya zo sau biyu, ko huɗu, ko bai zo ba sam, lambar tana fita da biyu ko ƙasa da haka. Idan ko ɗaya ya zo sau ɗaya ko sau uku, ba ta fita. Shi ya sa 21 ba ta yiwuwa duk da tana barin saura 1 a rabon 4, domin 3 sau 7 ce, amma 45 tana yiwuwa, 36+9, domin 3 ya zo sau biyu a cikinta. Ɗalibaina sukan faɗa tarkon 21 da 33 kowace shekara, don haka da su nake fara darasin.

Dan_Wusasa:
Na gwada ƙa'idar Malama a kan shekaru. 1960 ita ce 8 sau 5 sau 49, bakwai ya zo sau biyu, don haka dole ta fita da biyu, kuma ta fita: 1764+196, murabba'an 42 da 14. Shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, 1962, ita ma haka, 1521+441, murabba'an 39 da 21. 1804 tana da 11 sau ɗaya a cikinta, sai da uku: 1764+36+4. 2023 ta ci huɗu, 1849+169+4+1, ita kuwa 2025 murabba'in 45 ce kai tsaye.

Baban_Khalifa:
Tun da haka ne, wane kashi ya fi yawa? Ni a idona masu cin biyu sun fi bayyana a farkon jerin.

Dalibar_Samaru:
A farko suna da yawa, amma suna raguwa. Daga 1 zuwa 100, masu cin ɗaya 10 ne, masu cin biyu 33, masu cin uku 42, masu cin huɗu 15. Idan aka haɗa kashi biyun farko, 43 ne cikin 100, amma cikin 1000 na farko 330 ne, cikin 10,000 kuma 2749, wato daga kashi 43 cikin ɗari an sauko 33, an sake saukowa ƙasa da 28. Dalilin a bayyane yake daga bayanin Malama: babbar lamba tana da firam da yawa a cikinta, kuma ɗaya tak daga masu barin saura 3 ya isa ya ɓata lissafin. Edmund Landau ya tabbatar a 1908 cewa wannan kaso yana ta raguwa zuwa sifili, amma a hankali ƙwarai, kuma a ƙa'idarsa akwai wata tsayayyar lamba, kusan 0.764, wadda Ramanujan na Indiya shi ma ya gano da kansa ya sa a wasiƙarsa zuwa ga Hardy a 1913, lokacin yana akawu a tashar jiragen ruwa ta Madras.

Masu cin huɗu kuwa kasonsu tsayayye ne. Ɗaya cikin 8, a ƙara ɗaya cikin 32, a ƙara ɗaya cikin 128, haka har gaba, jimla ɗaya cikin 6. Saboda haka idan aka yi nisa sosai, kusan biyar cikin kowace lamba shida uku suke ci.

Akanta_PZ:
Ku yi mini afuwa, malamai, amma zan yi tambayar da na san ɗalibai za su yi wa Malam a aji. Mene ne amfanin sanin wannan? Ni na yi shekaru ina aikin lissafin kuɗi, ban taɓa bukatar karya lamba zuwa murabba'ai ba.

Injiniya_Sabon_Gari:
Tambayar tana kan hanya, Yallaɓai. Ga amfani ɗaya da ake iya gani da ido. Lambar firam mai barin saura 1 a rabon 4 hanya ɗaya tak take fita da murabba'ai biyu. Don haka duk lambar da aka samu ta fita ta hanya biyu, an tabbatar ba firam ba ce, kuma daga hanyoyin biyun ana iya ciro masu raba ta. Euler ya yi haka da 1000009, wadda take murabba'in 1000 da na 3, kuma take murabba'in 972 da na 235, aka gano cewa 293 sau 3413 ce. Warware manyan lambobi zuwa firam kuwa shi ne abin da wani ɓangare na tsaron saƙonni da hada-hadar banki ta intanet ya jingina a kan wahalarsa. Ita ma ƙa'idar Lagrange masu ilimin ɓoye saƙo suna amfani da ita wajen tabbatar da cewa wata ɓoyayyar lamba ba ta gaza sifili ba, ba tare da an bayyana ta ba, tun da lambar da ke ƙasa da sifili ba ta taɓa zama jimlar murabba'ai.

Tsohon_Hedimasta_Kwarbai:
Ban ƙi bayanin Injiniya ba, amma ba na so mu yaudari yara. Fermat alƙali ne a Tulus, a lokacin hutunsa yake wannan lissafi, kuma babu banki ko intanet a zuciyarsa. Amfanin da na fi yarda da shi a aji shi ne, yaro ya ga da idonsa cewa gwaji talatin ba hujja ba ne, kuma hanyar da ta yi daidai sau goma sha ɗaya a jere tana iya faɗuwa a na goma sha biyu, kamar yadda ta faru a kan 12.

Malama_Gyallesu:
Maganar fita ta hanya biyu da Injiniya ya ɗauko ita ma tana da nata jerin. Idan ba a ƙirga sifili ba, 50 ce ta farko, 49+1 da 25+25. Idan ana so murabba'an su bambanta, 65 ce, 64+1 da 49+16. Ta farko mai hanya uku ita ce 325, wato 324+1, 289+36 da 225+100, mai hanya huɗu kuma 1105, da murabba'an 33 da 4, 32 da 9, 31 da 12, 24 da 23. Sirrin shi ne 65 ninkin 5 da 13 ce, 1105 kuma ninkin 5, 13 da 17. Duk lokacin da aka ninka firam biyu mabambanta masu barin saura 1 a rabon 4, sakamakon yana fita ta fuska biyu. Diophantus ya lura da wannan a kan 65 ɗin nan, Brahmagupta ya faɗaɗa shi a Indiya a shekara ta 628, sannan Fibonacci, wanda ya koyi lissafin Larabawa a Bijaya ta Aljeriya, ya kawo shi a littafinsa na 1225.

Dalibar_Samaru:
Ƙirga hanyoyi yana kai mu ga Jacobi, wanda a ganina ƙa'idarsa ta fi ta Lagrange ban mamaki. Idan aka yarda da sifili da lambobi masu alamar ragi, kuma aka ɗauki sauya wuri a matsayin sabuwar hanya, to adadin hanyoyin rubuta lamba da murabba'ai huɗu shi ne 8 sau jimlar masu raba ta, ban da waɗanda 4 ke rabawa. Misali 7: masu raba ta 1 da 7, jimla 8, a ninka da 8, an sami 64. A duba kuwa: 4+1+1+1 ce kaɗai, lambar 2, wadda murabba'inta 4 ne, tana iya zama a wuri huɗu, alamomin ƙari da ragi suna ba da fuska 16, huɗu sau goma sha shida 64. Jerin yana tafiya 8, 24, 32, 24, 48, 96, 64, 24. Tun da 1 yana raba kowace lamba, adadin ba ya taɓa gaza 8, don haka ƙa'idar Lagrange tana fitowa daga cikinta kyauta.

Dan_Wusasa:
Ina da wata tambaya kusa da wannan. Duk misalanmu muna maimaita murabba'i, kamar 9+9 ko 1+1+1. Idan aka hana maimaitawa, amma aka bar mutum ya yi amfani da ko nawa yake so, me zai faru? Na ga 2, 3, 6, 7, 8, 11 da 12 duk sun gagara.

Injiniya_Sabon_Gari:
Wannan jerin yana ƙarewa, kuma lambobi 31 ne kacal a cikinsa: 2, 3, 6, 7, 8, 11, 12, 15, 18, 19, 22, 23, 24, 27, 28, 31, 32, 33, 43, 44, 47, 48, 60, 67, 72, 76, 92, 96, 108, 112 da 128. Roland Sprague ya tabbatar a 1948 cewa daga 129 zuwa sama kowace lamba tana fita da murabba'ai mabambanta. Maƙwabtan 128 ba su da matsala, 127 ita ce 81+36+9+1, 129 kuma 100+25+4, ita kaɗai ce ta tsaya a tsakani.

Baban_Khalifa:
To, idan an ce huɗu ne iyaka, ina ganin wannan yana nufin kowace babbar lamba za ta fita da murabba'ai huɗu cif, ba tare da sifili a ciki ba.

Malama_Gyallesu:
A'a, Baban Khalifa, kuma 128 ɗin nan ce za ta ba ka amsa. Da murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka, 64+64 ce kawai hanyarta. Haka 2, 8, 32 da 512 suke, kuma jerin ba ya ƙarewa, tare da dangin 6 (6, 24, 96) da dangin 14 (14, 56, 224), da wasu 'yan lambobin mara guda takwas waɗanda 41 ce babbarsu. Abin mamakin shi ne, idan aka ce biyar cif ba sifili, abin ya fi sauƙi: 33 ce lamba ta ƙarshe da ta gagara. Hujjar tana rataye ne a kan 169, wadda ke fita da ɗaya (169), da biyu (144+25), da uku (144+16+9), da huɗu (64+64+25+16). A cire 169 daga kowace lambar da ta fi ta, a rubuta saura bisa ƙa'idar Lagrange, a ƙirga murabba'ai nawa ne ba sifili ba, sannan a cike gurbin zuwa biyar da fuskar 169 da ta dace. Ƙananan lambobin kuwa da hannu ake bi.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Na amfana da kowa, Allah ya saka da alheri. Abin da nake shirin yi shi ne in mayar wa ɗalibai aikin da layi biyu, ɗaya na hanyar haɗama, ɗaya na mafi ƙaranci, su gano da kansu inda suka saɓa. Daga 1 zuwa 30 na sami wuri biyar: 12, 18, 19, 22 da 23. Ba zan faɗa musu ƙa'idar Legendre ba tukuna, sai sun jera masu cin huɗu sun yi karo da 28.

Tsohon_Hedimasta_Kwarbai:
Ban goyi bayan ɓoye ƙa'idar har tsawon lokaci ba, Malam. Aji mai cike da yara, minti arba'in, yawancinsu za su gaji kafin su kai 28, 'yan kaɗan ne za su ji daɗin ganowa. Ni da zan fara nuna musu sauran 0, 1 da 4 a allo, sannan in bar su su farauto lambobin da hannu.

Malama_Gyallesu:
Baba, a nan kam ina tare da Malam. Yaron da aka ba ƙa'ida kafin ya ji ƙaiƙayin tambayar, haddacewa kawai zai yi. A raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambobi goma, aikin ba zai yi nauyi ba.

Injiniya_Sabon_Gari:
Wuraren saɓanin da Malam ya jera su ma wani jeri ne, kuma na ci gaba da shi zuwa 50: 12, 18, 19, 22, 23, 32, 41, 42, 43, 48. A kan 43 da 48 tazarar biyu ce, haɗama tana cin biyar alhali 25+9+9 da 16+16+16 sun isa, a kan 32 kuma tazarar uku ce. Ta gaba ita ce 52, inda haɗama ke ba da 49+1+1+1 alhali 36+16 ce. Wanda ke da lokaci ya bi mana daga 53 zuwa 100, mu ga ko saɓanin yana ƙaruwa ne yayin da lambobin ke girma.